Baƙo ne ko Ɗan Gida? Bin Diddigin Gizo-gizo Mai Tsalle a Siton Ƙofar Ruwa

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Yau aka sauke kwantenar tayil da kayan banɗaki a siton Kawu da ke bayan kasuwar Ƙofar Ruwa. Ni ne mai ƙirga kwalaye da rubuta shiga da fitar kaya, don haka ina tsaye a bakin kwantenar da littafi a hannu sa'ad da wani ɗan dako ya ja da baya yana kaɗe riga, ya ce wani abu ya yi tsalle daga kan kwali ya sauka masa a hannu. Kafin ka ce kwabo shugaban 'yan dakon ya cire silifas. Na ce, "Baba, don Allah a bar mini shi." Na kife abin da kofin shayi, na zura takardar rasit ta ƙasa, na kai shi kan tebur.

Gizo-gizo ne, bai kai ƙwayar wake ba. Baƙi ne, da ja-ja kewaye da idanunsa kamar wanda ya ɗaura ƙyalle, da kuma waɗansu 'yan hannaye biyu farare fat a gefen bakinsa waɗanda yake ta kaɗawa. Da na ɗaga kofin bai gudu ba. Juyowa ya yi gaba ɗaya, ya ɗaga kai, ya zuba mini ido.

'Yan dako sun yanke hukunci nan take, wai ɗan Caina ne, kuma dafinsa ba ya jin magani. Ni kuwa na yi shekara uku ina karanta ilimin halittu a kwalejin ilimi kafin in dawo kasuwa, kuma abin da na riƙe daga malamanmu shi ne kada ka raɗa wa abu suna kafin ka san iyayensa. Na sayi sabon littafi mai ganye 60. Daga yau duk gizo-gizo mai tsalle da na kama zai samu lamba, da kwanan wata, da takamaiman inda aka same shi: cikin kwantena, ko jikin kwali, ko bangon sito. Abin da nake son sani shi ne ko akwai baƙin da ke shigo mana cikin kaya, ko kuwa 'yan gida ne muke yi wa kallon baƙi. Na yau shi ne Lamba 1.

Laraba, 6 ga Maris

Kayan aiki sun haɗu, kuma ba su ci kuɗi ba. Robobin gwaji masu murfi guda 20 daga kemis, irin waɗanda ake kai fitsari asibiti a ciki, da auduga, da gilashin ƙara girma na masu gyaran agogo, da wani ɗan gilashi da ake maƙala wa kyamarar waya wanda na samo a kasuwar waya ta Farm Centre. Na huhhuda murafan da allura don iska ta shiga.

Gane dangin ba shi da wuya. Masana suna kiran su Salticidae, kuma a duk dangogin gizo-gizo babu wanda ya kai su yawa, don jinsunansu sun haura 6,000. Fuska ce ke tona su. Ido takwas gare su, amma biyun tsakiya manya ne kamar fitilun mota, da ƙanana biyu a gefensu, sauran huɗun kuma suna zagaye da kai suna gadin gefe da baya. Na shafe wajen rabin sa'a yau ina kallon manyan idanun Lamba 1 ta gilashi, sai na ga launinsu yana sauyawa daga baƙi zuwa ruwan zuma, ya sake komawa baƙi. Dalili shi ne gilashin idon a manne yake da kai, ba ya motsi, amma a bayansa akwai dogon bututu da tsoka ke juyawa dama da hagu. Idan idon ya yi baƙi ƙirin, kai yake kallo.

Ba ya saƙa yana don kama abinci. Laɓe yake yi kamar kyanwa, ya matso a hankali, ya faɗa wa ƙuda. Kafin ya yi tsallen sai ya manna zare a inda yake tsaye, in ya kuskure ya rataye a jikinsa ya hauro. Ƙafafunsa ba su da kaurin cinya irin na fara, jini yake turawa cikinsu da ƙarfi su miƙe farat ɗaya.

Baba mai gadi ya leƙo ya tambaye ni ko tautau ne, irin wanda ake cewa in ya bi jikin mutum fata ta tashi. Na ce masa wannan dafinsa na ƙuda da sauro ne, ba ya yi wa mutum lahani. Ya ce shi dai tun yana yaro ba ya kashe gizo-gizo, saboda labarin wanda ya yi saƙa a bakin Kogon Saur. Ya yi alkawarin zai riƙa kama mini na ɗakin gadi.

Lahadi, 17 ga Maris, bakwai ga Azumi

Bayan sahur ne kaɗai nake samun natsuwa da intanet mai ƙarfi. Na ɗora hotunan Lamba 1 a iNaturalist, shafin intanet da mutane ke ɗora hotunan halittu don a gane jinsinsu, na kuma bi Kundin Gizo-gizon Duniya, wanda gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi. Duk alamun sun taru a kan suna ɗaya: jan ƙyallen ido, fararen hannaye, farin jinjirin wata a gaban ciki, da 'yan ɗigo farare a baya. Namijin Hasarius adansoni ne.

Na yi ta maimaita sunan a baki ina jin kamar na san shi, sai can na tuna. Adansonia digitata, sunan kuka ke nan a ilimin tsirrai, wanda muka haddace don jarrabawa. Sunan mutum ɗaya aka raɗa musu su biyun: Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 ya yi shekaru yana tara tsirrai da ƙwari. Masanin halittu Linnaeus ya sa wa kuka sunan Adanson, sannan a 1826 Victor Audouin ya sa wa wannan gizo-gizon. Samfurin da Audouin ya yi aiki da shi kuwa daga Masar ya fito, cikin abubuwan da masanin halittu Savigny ya tattara lokacin da ya bi rundunar Napoleon a 1798. Ashe wanda 'yan dako suka kira ɗan Caina, daga nahiyarmu aka samo wanda aka fara rubutawa, kusan shekara 200 da suka wuce, kuma takwaran miyar da muke sha kullum ne.

Amma gaskiya ne yana Sin ɗin ma. Yana Indiya, yana Brazil, yana Japan, har a Turai ana samun sa a ɗakunan gilashi masu ɗumi da ake rainon tsirrai. Mutane ne suka yaɗa shi da jiragensu da kayansu. Saboda haka sunan bai raba gardama ba: mai yiwuwa daga lardin Guangdong na ƙasar Sin ya hau kwantenar, mai yiwuwa kuma daga katangar sitonmu ya faɗo. Da na koma littafin shigar kaya na ga kwantenar ta iso ne ranar Alhamis, kuma an buɗe ta tun daren Juma'a don Kawu ya duba ko akwai fasassu. Ta kwana a buɗe ke nan kafin mu fara sauka. Na rubuta a gaban Lamba 1: asali bai tabbata ba. Na kuma sa wa kaina ƙa'ida, ba zan ƙirga wani a matsayin wanda ya fito daga kwantena ba sai in a gabana aka yanke hatimin ƙofar.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Wannan makon na juya aikin, na bar kwantena na koma bango, domin wanda bai san 'yan gida ba, ba shi da bakin nuna baƙo. Na duba gidanmu a cikin birni, da sito, da ɗakin gadi, sannan da muka je gaishe da Kaka a ƙauye na bi katangar gidanta da rumbu da bayan ƙyaure. Ƙauyen nan kwantena ba ta taɓa shiga cikinsa ba, motar kasuwa ma sau ɗaya take zuwa a mako.

Na tara 23, kuma kusan dukkansu iri biyu ne. Na farko shi ne mai launin toka, shimfiɗaɗɗe kamar an danne shi da dutsen guga, wanda in ya lafe a bangon siminti sai ya motsa za ka gan shi. Menemerus bivittatus ke nan, wanda Léon Dufour ya bayyana a 1831. Asalinsa Afirka ne, daga nan ya bazu ƙasashe masu zafi har Amurka. A gidan Kaka na same su huɗu da magariba, sun yi da'ira a gefen fitilar sola suna jiran ƙwarin da haske ke jawowa.

Na biyu ya fi girma da ƙarfin hali, Plexippus paykulli. Namijin baƙi ne, da farin layi da ya taso daga fuska ya bi tsakiyar baya har ƙarshen ciki, da wani farin layin a kowane gefe. Macen ruwan ƙasa ce, da fararen ɗigo biyu kusa da ƙarshen cikinta, kuma tsawonta yakan kai milimita 12. Shi ma Audouin ne ya bayyana shi daga Masar a 1826. Masana sun rabu kan tushensa, waɗansu sun ce Afirka, waɗansu kudu maso gabashin Asiya, don ya daɗe yana bin fatake da jiragen ruwa har sawun ya ɓace.

Hasarius kuwa na samu biyu a bayan randa a gidanmu. Da na gaya wa shugaban 'yan dako, ya girgiza kai ya ce, "To ɗana, ka ce mun kusa kashe maƙwabci."

Alhamis, 2 ga Mayu

Asara biyu, kuma duka sakacina ne. Na bar robobi uku a kan kanta kusa da kwanon rufi ranar da zafi ya haura digiri 40, na dawo da la'asar na tarar sun mutu, har da Lamba 1. Na ji zafin abin ƙwarai. Masu rai yanzu suna ƙarƙashin tebur kusa da tulu, kowanne da jiƙaƙƙiyar auduga.

Na biyun, matattun da nake adanawa a itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na rubuta musu takardun shaida da biro na jefa ciki, tawadar ta narke ta bar farar takarda. Biyar sun rasa lamba, ba su da sauran amfani ga wannan aikin. Fensir ne ba ya narkewa. Na sake rubuta duk sauran a daren.

Talata, 21 ga Mayu

Ranar da nake jira. Sabuwar kwantena daga Foshan, garin da ya shahara da tayil a lardin Guangdong. Na roƙi Kawu a jira ni, ya yarda, aka yanke hatimin ƙarfen a gabana da misalin ƙarfe tara. Muka bar ƙofar a buɗe na ɗan lokaci iska ta ratsa, don kayan da aka yi wa feshin hayaƙi sukan riƙe guba, sannan na shiga da tocila kafin kowa ya taɓa kwali.

Zafin ciki kamar tanda, ga warin kwali da katako. A jikin katakon da aka jera kwalayen a kai akwai tambarin da na sha gani ban taɓa kula da shi ba: hoton zangarniyar alkama, da haruffan CN na ƙasar Sin, da lamba, da HT. Wannan shaida ce ta wata ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 2002, wadda ta ce duk katakon ɗaure kaya da zai tsallaka iyaka sai an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30, a buga HT, ko a yi masa hayaƙin magani, a buga MB. Ƙwarin da ke cikin itacen ake kashewa da haka. Wanda ya zo daga baya ya laɓe a tsagin katako yayin da ake jiran lodi a harabar masana'anta, tambarin bai shafe shi ba.

A jeri na huɗu, can ciki, cikin lanƙwasar wani kwalin kwanon wanke hannu, na ga farar jaka ta zare kamar ɗan guntun auduga, tsawonta bai wuce farce ba. Irin ɗakin da masu tsalle ke saƙa wa kansu ne don kwana da saɓa. Na taɓa ta da tsinken tsintsiya, sai ga shi ya fito ta ɗaya bakin, ramamme, cikinsa a motse, tsawonsa kamar milimita 4. Ya yi tsalle sau ɗaya ya tsaya, na kife shi. Lamba 41. Yaro ne, ruwan ƙasa mai haske, ba shi da wata alamar da za ta kai mutum ga suna.

Kawu yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Kai yanzu kana nufin wannan ɗan abin ya yi wata guda da ɗori a teku ba ci ba sha?" Na ce, "Kawu, an sha gani." Na ba shi labarin jan-baya, gizo-gizon Ostareliya mai dafi, wanda aka tsinta a yankin Osaka na Japan a 1995 kusa da tashar jiragen ruwa, ga shi yanzu ya zauna a ƙasar. Na kuma gaya masa na joro, babban mai saƙa na gabashin Asiya, da ya ɓulla a jihar Jojiya ta Amurka wajen 2014, ana kyautata zaton cikin kwantena ya je. Gizo-gizo yana jure yunwa na makonni in ya lafe bai motsa ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya kawo maganar da ta fi tawa nauyi. Ya ce kwastan sukan buɗe kwantena a Apapa su duba kaya a sake rufewa, kuma tirela tana kwana a Jebba, ta kwana a Tafa, tafiyar kusan kilomita dubu. Hatimin da na gani ba lallai shi ne na farko ba. Na duba takardu, lambar hatimin ta bambanta da wadda ke kan takardar jirgi. An buɗe ta a Legas ke nan. Abin da ya rage mini na hujja shi ne zurfin wurin, jeri na huɗu, da kuma ramar da ya yi.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ba a gane jinsin gizo-gizo da tabbaci sai ya balaga, don haka aikin yanzu raino ne. Ina ajiye ɓawon ayaba a gwangwani, ƙananan ƙudajen nan masu jan ido su taru, in kama biyar ko shida in zuba masa kowane kwana biyu.

Farautarsa ta jiya ta isa a rubuta. Ƙudan ya sauka a bangon robar ta bayansa. Ƙananan idanun baya ne suka fara ganin motsin, ya juya a wuri ɗaya kamar allurar agogo har manyan idanun suka daidaita da shi. Ya yi gudu kaɗan, ya tsaya. Daga nan ya kwantar da ƙirji ƙasa, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a hankali har na gaji da riƙe numfashi. Saura kamar faɗin yatsa biyu, ya taɓa ƙarshen cikinsa a jikin robar ya manna zare. Tsallen kansa ban gan shi ba. Na dai ga yana nan, sai na ga yana can da ƙuda a baki, su biyun suna lilo a jikin zaren.

Ya yi saɓa sau ɗaya, kwana biyu kafin Babbar Sallah. Ya daina cin abinci, ya saƙa ɗaki mai kauri ya shige, na ɗauka mutuwa zai yi. Bayan kwana huɗu ya fito ya ƙara girma, tsohuwar fatar tana ciki a miƙe har da gilasan idanu. Na adana ta. A irin wannan lokaci ba a bar masa ƙuda mai rai a ciki, ba a kuma bar audugar ta bushe, don in iska ta yi ƙaranci danshi ƙafa takan maƙale a tsohuwar fata.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na je kasuwar 'Yan Lemo da sassafe na tsaya inda ake sauke ayaba da abarba daga Kudu. Cikin sa'a biyu na kama uku a busasshen ganyen da ake shimfiɗa wa ayaba, kuma babu wanda ya yi kama da na bangonmu. Waɗannan ba su tsallaka teku ba, amma daga kurmi zuwa Kano ma baƙunta ce, kuma motocin nan kullum suke shigowa.

A nan na ci karo da babban giɓin. Manyan ayyukan da aka yi kan masu tsalle na Najeriya daga Kudu suke: Wanda Wesołowska, masaniyar ƙasar Folan, ta fitar da ɗaya tare da Anthony Russell-Smith a 2011 kan kudancin ƙasar, da wani tare da G. B. Edwards a 2012 kan yankin Kalaba, kuma a cikinsu an bayyana sababbin jinsuna da dama. Da na buɗe taswirar iNaturalist, wajen Legas da Ibadan da Abuja ɗigo ne birjik, Kano da Jigawa da Katsina kuwa sai ka nema. Ga jami'o'i, ga kwalejoji, ga matasa kowa da waya mai kyamara a aljihu. Wannan ya fi damuna fiye da batun kwantenar. Duk abin da na kama yanzu ina ɗora hotonsa da wurin da ranar, ko da na bangon banɗaki ne.

Asabar, 24 ga Agusta

Lamba 41 ya yi saɓa ta uku, kuma ita ce ta ƙarshe. Namiji ne. Tun saɓar da ta wuce ƙarshen hannayen bakinsa ya kumbura kamar kan ashana, yau kuwa sun fito da cikakkiyar siffa. Da waɗannan hannaye namiji ke ɗibar maniyyi ya zuba wa mace, kuma kowane jinsi da irin ƙirar nasa, kamar makulli da kwaɗo. Shi ya sa masana ba sa dogara da launi.

Tsawonsa milimita 7. Kallon farko na ce Plexippus paykulli ne, har gwiwata ta yi sanyi, wata uku ina rainon irin wanda ke kan katangar Kaka. Sai na ajiye shi gefe da gefe da namijin paykulli da Baba mai gadi ya kamo mini. Na Baba baƙaƙen layukansa sun tafi a miƙe daga gaba har baya. Na kwantena kuwa jikinsa ya fi haske, kuma duhun a yanke yake, dogayen tabo biyu a gaban jiki da biyu a kan ciki, ba su haɗu ba. Siffar ta fi kama da ɗan'uwansa Plexippus petersi, wanda kundin Bern ya sa a matsayin ɗan Asiya da aka shigo da shi Afirka da tsibiran Fasifik. Shi ma dai tarihinsa a murɗe yake, don Ferdinand Karsch, Bajamushe, ya bayyana shi ne a 1878 daga kayan da Wilhelm Peters ya taro a Mozambik. Na rubuta sunan da fensir, da alamar tambaya.

Alhamis, 12 ga Satumba

Wata malama a sashen nazarin halittu, wadda tsohon malamina ya haɗa ni da ita, ta ba ni sa'a ɗaya a ɗakin gwajinsu yau. Na tafi da Lamba 41 a aljihun gaba, da kwalin matattun a leda. Na gaya mata ba na son a kashe shi. Ta ce ba sai an kashe ba tukuna. Ta ɗaura farar leda a bakin wata roba, ta tura shi da auduga a hankali har ya kwanta rub da ciki a jikin ledar ba ya iya motsi, ta kife shi a ƙarƙashin madubin likita.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Hannun da ido ke gani kamar kan ashana, ashe ƙira ce sosai: wani ƙwallo ruwan ƙasa mai sheƙi, da siririyar allura da ta fito daga gefensa, da ƙaya a gaɓar da ke baya. Malama ta buɗe zanen jinsunan biyu a kwamfuta tana dubawa tana komawa. Ta ce, "Ya fi karkata ga petersi. Amma ta cikin leda nake gani, kuma ba zan sa hannu a kan haka ba. In ya mutu da kansa ka sa shi a itanol nan take, mu cire hannun hagu mu duba ta kowane ɓangare. Ka kuma yanke ƙafa ɗaya ka sa a mai ƙarfin kashi 95, ko za a samu hanyar gwajin ƙwayar halitta." Na ce, "To Malama, in ya tabbata, mun samu baƙo ke nan?" Ta ce mun samu suna dai. Ta tambaye ni ko na sake duba waɗanda na rubuta paykulli tun watan Afrilu, lokacin da ban san akwai mai kama da shi ba.

Ban duba ba. Muka zazzage su a faranti ɗaya bayan ɗaya, maza tara. Takwas layukansu a miƙe. Na taran, Lamba 17, tabo huɗu ne a yanke. Takardar fensir da ke cikin kwalbarsa ta ce bangon sito, ɓangaren gabas, 9 ga Afrilu, wato mako shida kafin kwantenar Foshan ta iso.

Lamba 17 ya riga ya mutu, don haka Malama ta riƙe shi, za ta cire hannun ranar Litinin. Ni kuma na yi magana da masu sito uku da ke layinmu, biyu sun yarda in shiga da tocila ranar Asabar kafin a fara ciniki, na ukun ya ce sai ya tambayi maigidansa. Baba mai gadi zai bi mini katangar gabas da dare. Robobi sun ƙare, na biya kemis a hanya na sayo 30.